Shuka Kabar Giwa a Gefen Garka Domin Jawo Ƙudan Zuma

Idan kana noman kabewa ko kankana a garaken Mirya ko Gidimuni, ka san furen da ke bushewa ya faɗi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Sau da yawa dalilin shi ne ƙarancin ƙudan zuma. Waɗannan shuke-shuke suna da fure namiji da fure mace daban-daban, kuma ƙudan ne ke ɗaukar garin wannan ya kai wa wancan. Saboda haka yana da kyau ka tanadi shukar da za ta riƙe shi kusa da garkarka.

A Turai da Amurka ana shuka wani fure mai suna Kniphofia domin wannan aiki. Yana fitar da dogon kara mai kai ja kamar garwashi, yana kuma sake tohowa kowace shekara. Asalinsa daga kudanci da gabashin Afirka ne, musamman tsaunukan Afirka ta Kudu da Lesoto da Habasha, inda ake da sanyi da wadatar ruwa. Damagaram kuwa ruwanta bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Ɗan'uwansa na jini, wato kabar giwa da ire-irenta irin su alobera, shi ya dace da ƙasarmu. Ganyenta mai kauri yana ajiye ruwa, furenta ja ko rawaya yana fitowa a kan kara, yawanci da rani, lokacin da daji ya bushe. Ka cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar, ka bar su a inuwa kwana biyu wurin yankan ya bushe, sannan ka dasa su da tazarar rabin mita a ƙasa mai rairayi, inda rana ke samu. Kada ka sa su cikin fangalin da kake ban ruwa kullum. Yawan ruwa ke ruɓar da saiwarta, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Sai ka yi haƙuri, domin takan yi shekara uku ko huɗu kafin ta yi fure.

Ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Ka haɗa da zogale a jikin shinge, ka kuma bar gawon da ke gonarka, wanda ke fure bayan damina. Ba banza ba Sarki Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo a ƙarni na 19.

Ka ajiye kasko da ruwa, da 'yan duwatsu a ciki inda ƙudan zai sauka ya sha. In feshin maganin ƙwari ya zama dole, ka bari sai da yamma liƙis, bayan ƙudan ya koma amya.