Haƙuri

hàƙurī *sn., nj.* (ba ya da jam'i)

1. Danne zuciya da jure wahala, rashi ko cuta ba tare da raki ko ɗimuwa ba: *Manoman Damagaram sun yi ~ da farin 1973; gobara ta cinye rumfarsa, ya yi ~ ya sake kafa wata.*

2. Natsuwar jira har abu ya kai lokacinsa: *noman rogo sai da ~.*

3. Kau da kai daga laifin wani alhali ana da ikon ramawa: *ta yi ~ da gorin kishiya.*

4. Kalmar lallashi, neman afuwa ko ta'aziyya: *Yi ~, Yaya; Sai ~, Baba, Allah ya jiƙanta; Ya ƙarin ~?*

ba da ~ roƙi gafara, lallasa. ~n dole wanda rashin mafita ya tilasta. rashin ~ gaggawa, saurin fushi.

*K.m.:* ~ maganin zaman duniya.

hàƙurà *fi.* daure, fasa nema: *ya haƙura da bashin.* haƙurtar (da) *fi.* sa wani ya haƙura. mahàƙùrcī *nj.*, mahaƙurcìyā *mc.*, mahàƙùrtā *jam.*

*Dubi* juriya, dauriya, dangana, tawakkali. *Kish.* raki, gajen haƙuri.