Tsibirin Da Ya Zama Kufai

'Yan uwana mata, bari in ba ku labarin Hirta, wani ɗan tsibiri can cikin teku, yamma da Sikotilan. Ko itace ɗaya babu a wurin. Maza kan ɗaura igiya su bi jikin duwatsu su kamo tsuntsayen teku, mata su fige, a shanya naman saboda hunturu.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne jarirai. A ƙarni na 19 ciwon tatanas, mai shiga ta cibiya, ya yi ta ɗauke su wajen kwana takwas da haihuwa. Allah sarki uwa! Samari kuma suka riƙa ficewa neman abinci.

Ranar 29 ga Agusta, 1930, aka kwashe mutum 36 da suka rage, bisa roƙonsu. Ni dai a ganina, tun daga ɗakin jego garin ya fara mutuwa.