Icen Gona Na Wane Ne? Tarihin Kula da Ƙasar Noma a Damagaram

Matafiyin da ya bar birnin Zinder da rani ya nufi gabas, wajen Mirya da Zermu, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne gawo. Ƙasa ta bushe, an kwashe kara, ciyawa ta ƙare, amma ga gawo nan tsaye kore shar a tsakiyar gonaki, awaki da tumaki na kwance a gindinsa suna jiran ƴaƴansa su faɗo. Da yawa daga cikin waɗannan itatuwa ba su haura shekara 40 ba, kuma ba dasa su aka yi ba. Da kansu suka tsiro, mai gona ya gan su ya ƙyale su, ya riƙa rage musu rassa har suka miƙe. To, me ya sa manomin shekarun 1970 yake sare irin wannan tsiro, ɗansa kuma ya zo yana renonsa? Amsar tana cikin tarihin hukumomin da suka riƙe ƙasar Damagaram, da yadda kowace daga cikinsu ta ɗauki icen da ke cikin gonar talaka.

Yanayin ƙasar

Ƙasar Damagaram ba iri ɗaya ba ce. A kudu, wajen Magarya da Matamai, jigawa ce mai laushi, ruwa na kusa, ga kwarin Korama da fadamunsa na rake da rogo da kayan lambu. A arewa da gabashin Zinder kuwa, inda Zermu take, duwatsu ne da tuddai, kuma dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ƙarancin ruwan sha ya daɗe yana addabar yankin. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, sai ya gangaro daga tuddai a guje, ya bi koramar Zermu ya yi kudu zuwa kwarin Korama, yana tafe da ƙasar gonakin da ya ratsa. Da rani da farkon damina kuma iska ce ke kwasar rairayi tana binne shuka. Abin da ke tare ruwa da iska a irin wannan ƙasa shi ne saiwa da ganye, wato ice da ciyawa.

A cikin itatuwan nan gawo ya fita daban. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, kuma ganyen da ya zuba taki ne. Da rani sai ya yi sabon ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar kashinsu a wurin. Saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

Zamanin sarauta

Masarautar Damagaram ta samo asali a ƙarni na 18, ta mai da Zinder mazauninta a farkon ƙarni na 19, ta kuma kai ƙololuwar ƙarfinta a hannun Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera bindigogi da igwa, ya mai da Zinder babban zango na fataken da ke tsakanin Tarabulus da Kano. Masana tarihi irin su André Salifou, wanda littafinsa a kan Damagaram ya fito a 1971, sun yi bayanin wannan zamani.

A al'adar lokacin, ƙasa tana ƙarƙashin ikon sarki, amma mai gari ne ke nuna wa baƙo inda zai sare daji, kuma wanda ya yi sassabe ya noma, gonar ta zama ta gidansa, ƴaƴansa su gada. Abin da ke hawa zuwa fada shi ne zakkar hatsi da haraji. Labarin baka da ya shahara a Damagaram yana cewa Tanimu ya sa gawo ƙarƙashin kariyarsa: wanda ya sare shi ba da izini ba hukuncinsa kisa, wanda ya yi masa mummunan sara kuma a yanke masa hannu. Ba abin mamaki ba ne sarkin da ke ciyar da dawakin yaƙi da ayarin raƙuma ya damu da icen da ke kawo hatsi da abincin dabbobi.

Sai dai bai kamata a mai da wancan zamani aljanna ba. Bayi ne ke noma gandayen manya, hare-haren yaƙi kuma sun tashi garuruwa da dama. Babban abin da ke farfaɗo da ƙasa a lokacin shi ne yalwar daji: gona ta gaji a bar ta saura shekaru, a koma wani wuri. Duk da haka akwai abin lura guda. Dokar sarki, komai tsananinta, ta hana sara ne kawai. Amfanin gawo kuwa, da takinsa da ƴaƴansa, yana wurin mai gona da makiyayi.

Zamanin Faransawa

Sojojin Faransa sun shiga Zinder a ƙarshen watan Yuli na 1899. A 1906 suka tuɓe sarki suka dakatar da sarautar, ba su mai da ita ba sai 1923. Suka yayyanka ƙasar zuwa kanto-kanto ƙarƙashin kumandan, Zermu na ɗaya daga cikinsu. Birnin Zinder shi ne hedikwatar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai.

Abu biyu suka sauya fuskar gonaki a wannan zamani. Na farko harajin kuɗi, wanda ya tura talaka noman gyaɗa, musamman a Magarya da Matamai inda hanyar Kano take kusa. Gonaki suka faɗaɗa, saura ta fara raguwa. Na biyu dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Dokar ta mai da dajin da aka ce ba shi da mai shi mallakar gwamnati, ta kuma jera wasu itatuwa da aka hana sarewa sai da takardar izini.

A daidai wannan lokaci wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya tada hankalin Turawa da cewa Sahara na gurgusowa kudu. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, ya zagaya iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga alamar hamada na tafiya kamar runduna ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wuraren da aka yi wa sara da noma fiye da kima. Amma darasin da hukuma ta ɗauka shi ne cewa manomi da makiyayi su ne maɓarnata, aikin ma'aikacin gandun daji kuma shi ne ya tsare ice daga hannunsu.

Bayan samun ƴancin kai

Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, ta kuma gaji wannan tunani. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa. A shekarun 1970 aka kawo babban aikin bunƙasa noma da aka fi sani da 3M, wato Mirya, Magarya da Matamai. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture domin garmar shanu ta wuce. Sannan dokar gandun daji ta 4 ga Maris 1974 ta sake jera itatuwan da aka kare, cikinsu har da gawo, kuka, tsamiya, giginya da goriba.

Ga yadda abin ya kasance a ƙauye. Icen da ya girma a gonar mutum ba shi da ikon sare shi, wani lokaci ko rage masa rassa, sai ya nemi izini, in ba haka ba a ci shi tara. Wanda ya zo da takarda daga gari kuwa yana iya sara. Saboda haka mai hankali sai ya kawar da tsiro tun yana ƙarami, kafin ya zama icen da zai jawo masa baƙin ma'aikata. Dokar da aka yi don kare ice ita ce ta sa mai gona ya daina sonsa.

Farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda jama'a ke kira El Buhari, suka tarar da gonaki tsirara. Gwamnatin Seyni Kunce ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa daga 1975, ta kuma kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi a watan Mayu na 1984. An raba dashe mai yawa, amma icen da ba a san mai shi ba wa zai ba shi ruwa, wa zai tsare shi daga akuya?

Sassaben zamani

Canji ya zo ne daga cikin gona. A yankin Maraɗi, wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa ƴan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara tohon kututture ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka cire sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama ice. Wannan dabara ce ake kira sassaben zamani.

A kudancin Damagaram kuwa, galibi manoma ne da kansu suka koma ga abin da kakanninsu suka sani. Jama'a ta yi yawa, saura ta ƙare, takin zamani ya yi tsada, ba abin da ya rage sai gawo. Daɗin daɗawa, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 gwamnati ta shiga matsin kuɗi da rikicin siyasa, ma'aikatan gandun daji suka rage zirga-zirga a ƙauyuka, manomi ya fara ɗaukar icen gonarsa a matsayin nasa tun kafin doka ta ce haka. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 1 a yankin 3M ta sake rufuwa da itatuwa, mafi yawansu gawo. Da aka gwada hotunan sama na da da na baya, an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. A wajen Mirya kuka ce ta yi fice, mata na samun kuɗin cefane da ganyenta.

Doka ta biyo baya

Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, bayan rikice-rikicen manoma da makiyaya irin na Toda a jihar Maraɗi a 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100. Dokar ta amince da mallakar gona ta gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma ƙirƙiro hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. Mirya na ɗaya daga cikin wurare biyu da aka fara gwada su a 1994, ɗayan kuwa Maine Sorowa. Tsarin hawa-hawa ne: ta gunduma ƙarƙashin shugaban gunduma, ta ƙaramar hukuma ƙarƙashin magajin gari, ta ƙauye ƙarƙashin mai gari, kuma ana zama da sarakuna da ma'aikatan noma, kiwo da gandun daji, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Aikinsu shi ne ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro ko jingina, da shata burtali da makiyaya, da sa ido kan yadda ake amfani da ƙasa.

Sabuwar dokar gandun daji ta zo a watan Yuni na 2004, shekarar da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Zermu ta sami majalisarta. A ƙarshe, dokar 30 ga Yuli 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan icen da ya rena a gonarsa. Wato sai bayan fiye da shekara 30 hukuma ta rubuta abin da talaka ya riga ya aikata.

Abin da mai gona ba zai iya shi kaɗai ba

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tarihin gawo ya tabbatar da haka. Amma matsalar koramar Zermu ta fi ƙarfin mai gona guda. Ruwan da ke cinye gonar mutumin gangare daga faƙon tudu ya taso, wurin da ba gonar kowa ba ne. Gyaransa sai an haɗa hannu: jera duwatsu a gicciye, haƙa rabin wata, shuka ciyawa, da hana kiwo na ɗan lokaci har wurin ya farfaɗo. Madatsun ruwa irin na Kasama da Tumbala, waɗanda aka gina a shekarun 2000, su ma rayuwarsu ta dogara ga tuddan da ke samansu, domin in tudu ya zama tsirara, yashi ne zai cike madatsa. Ga shi kuma a 2011 an cire Damagaram Takaya da Takeita daga tsohuwar gundumar Mirya, ruwa kuwa bai san iyakar gunduma ba.

A nan ne ake bukatar hukuma, kuma a nan rauninta yake. Yawancin hukumomin Kofo da kuɗin ayyukan agaji suke motsi, aikin ya ƙare su yi sanyi. A watan Afrilu na 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Jama'a kuma sai ƙaruwa take yi: ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3 da rabi a jihar Zinder, kusan yawan mutanen Nijar baki ɗaya a 1960. Gadon gona na ta tsagewa, burtali na ƙuntata, mai gona da makiyayi na jayayya a kan reshen gawo ɗaya.

Damagaram ta ga takobin sarki, ta ga tarar ma'aikaci, ta kuma ga abin da manomi ke yi idan ya tabbata icen nasa ne. Hukumar da za ta amfani wannan ƙasa ita ce wadda za ta bar wa mai gona icensa, ta tsare wa makiyayi burtalinsa, sannan ta zaunar da mutanen tudu da na gangare su yi shawara a kan ruwan da ke haɗa su, tun daga duwatsun arewa har zuwa kwarin Korama.