Makarantun Rosenwald: yadda jikokin bayi suka gina wa ƴaƴansu makaranta

A shekarar 1865 aka haramta bauta a ƙasar Amurka, amma ƴancin da baƙar fata suka samu bai zo musu da allo da alli ba. A jihohin kudu doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe, Kotun Ƙoli kuma ta halatta irin wannan wariya a 1896. Mafi yawan kuɗin haraji sai ya karkata wajen ƴaƴan farare. Yaro baƙi na karkara, in ya yi sa'a, yakan yi karatun ƴan watanni cikin coci ko wata tsohuwar bukka mai yoyo, sauran shekara yana gonar auduga tare da iyayensa.

Mutum biyu ne suka haɗa kai don magance wannan hali. Na farko Booker T. Washington, wanda aka haifa bawa a 1856, ya kuma shugabanci makarantar horar da malamai da koyon sana'a ta Tuskegee, a jihar Alabama, tun daga 1881. Na biyu Julius Rosenwald, attajirin birnin Shikago, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Jamus, shugaban kamfanin Sears, Roebuck. A 1912 Rosenwald ya ba Tuskegee kyautar dalar Amurka 25,000. Da aka rage 2,800, sai Washington ya nemi izini a gina ƙananan makarantu 6 da su a ƙauyukan Alabama. Daga nan aikin ya somo.

Abin da ya bambanta wannan taimako da sadakar da aka saba gani shi ne sharuɗɗansa. Rosenwald ba ya biyan kuɗin gini duka. Wajibi ne mutanen ƙauye su kawo nasu rabo, da kuɗi ko fili ko ƙarfin jiki. Wajibi ne kuma hukumar yankin ta sa hannu, ta karɓi makarantar a matsayin tata, ta biya malami, ta tabbatar ana karatu aƙalla wata 5 a shekara. In ɗaya ya janye, ba gini. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Talakawan da akasarinsu gonar wani suke nomawa suka tashi tsaye. Mata suka sayar da kaji da ƙwai da soyayyen kifi. Maza suka keɓe wani yanki na gona, audugar da ya bayar ta makaranta ce. Wasu suka sari itace, suka yi gayyar gini. Cikinsu har da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, waɗanda ba su san ko baƙi ɗaya ba, suna kwance ɗan abin da suka ƙulle don jikokinsu su iya karatu.

Shi kansa ginin an tsara shi da lura. Tun da ba wutar lantarki a ƙauyukan, sai aka yi manyan tagogi masu fuskantar gabas ko yamma, domin hasken rana ya wadaci aji. A wasu makarantun bangon da ke tsakanin aji biyu na zugewa ne, da maraice wurin ya koma zauren taron jama'a.

Washington ya rasu a 1915, amma aiki bai tsaya ba. Zuwa 1932, shekarar da Rosenwald ya rasu aka kuma rufe shirin, an gina makarantu 4,977 da gidajen malamai 217 a jihohi 15, masu ɗaukar yara fiye da 660,000. Cikin waɗanda suka zauna bencinsu akwai marubuciya Maya Angelou da John Lewis, ɗan gwagwarmayar neman ƴanci wanda daga baya ya zama ɗan majalisa.

Lissafin kuɗin yana da abin lura. An kashe kimanin dalar Amurka miliyan 28. Asusun Rosenwald ya ba da kimanin miliyan 4.3, baƙaƙen fata suka tara kimanin miliyan 4.7, mafi yawan saura ya fito daga baitulmalin hukuma. Wato gudummawar matalauta ta ɗara ta attajirin da makarantun ke amsa sunansa. A nan kuma zargin da masana tarihi ke yi ya taso: waɗannan mutane sun biya haraji kamar kowa, sannan suka sake biya daga aljihunsu don samun abin da ƴaƴan farare ke samu kyauta. Shirin bai kuma taɓa dokar wariya ba, cikin inuwarta ya yi aikinsa.

A 1954 Kotun Ƙoli ta soke wariya a makarantu. Sannu a hankali aka rufe yawancin makarantun Rosenwald, wasu suka rushe, wasu suka zama rumbuna. A 2002 aka sanya su cikin jerin wuraren tarihin Amurka da ke fuskantar ɓacewa, tsofaffin ɗalibai kuma suka gyara wasu suka maishe su gidajen tarihi da zaurukan taro.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi da ke hulɗa da masu ba da agaji na iya ɗaukar tambaya biyu daga wannan tarihi kafin a aza tubalin farko: mene ne rabon iyaye cikin ginin, kuma wa zai biya malami ranar da mai kyauta ya koma gida?