Launi a Duniya, Fari da Baƙi a Lahira: Nazarin Fim ɗin A Matter of Life and Death

Tsakure

Maƙalar ta nazarci fim ɗin A Matter of Life and Death na Michael Powell da Emeric Pressburger ta fuskar tsarin hoto da zubin labari. Ta nuna cewa fim ɗin yana magana ne da waɗanda suka tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu, suna ganin kamar kuskure ne ya bar su da rai.

Gabatarwa

Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Birtaniya ce ta buƙaci a yi fim da zai gyara tsakanin Turawan Ingila da Amurkawa, saboda 'yar tsamar da ta shiga tsakaninsu lokacin yaƙi. An fara nuna shi a Landan ranar 1 ga Nuwamba 1946 a gaban Sarki George na Shida.

Labarin ya soma ne a daren 2 ga Mayu 1945. Jirgin yaƙi samfurin Lancaster ya kama da wuta, matuƙinsa Peter Carter (David Niven ne ya fito a matsayinsa) ba shi da laimar sauka. Ya yi magana ta rediyo da wata Ba'amurkiya, June, wadda bai taɓa gani ba, sannan ya diro. Hazo ya sa ɗan aiken lahira mai lamba 71 ya kasa gano shi, kafin a ankara kuwa soyayya ta ƙullu. Da aka zo ɗaukarsa sai ya ce atafau, zai ɗaukaka ƙara.

Rabon Launi

Mai kallo zai ɗauka lahira ce za ta samu launi. Jack Cardiff, mai ɗaukar hoto, ya ba duniya launin Technicolor, furanni jajir, fuskoki da jini a jika, ya bar ɗaya ɓangaren fari da baƙi. Lahirar kanta ba ta wani addini ba ce. Ofis ce mai rajista da akawu da layin sababbin zuwa, irin ofisoshin da sojan wancan zamani ya gaji da tsayuwa a cikinsu. Matakalar da ta haɗa duniyoyin biyu, mai hawa 106, ita ma tafiya take kamar injin masana'anta.

A nan fim ɗin ya sha bamban da A Guy Named Joe na 1943, inda matuƙin da ya mutu yake koyon haƙura da masoyiyarsa. Wancan fim ne na tsakiyar yaƙi, aikinsa rarrashin masu makoki. Na Powell da Pressburger ya zo bayan an ajiye bindiga, don haka ya tsaya kai da fata cewa wanda ya tsira yana da haƙƙin rayuwa, ko da lissafi ya ce kwanansa ya ƙare. Hujjar da aka kai kotun sama ma daga duniya aka ɗauko ta: ɗigon hawayen June a kan fure.

Ciwon Ƙwaƙwalwa ko Gaibu

Duk lokacin da ɗan aiken zai bayyana, Peter yakan ji ƙamshin soyayyiyar albasa, kansa ya sara, lokaci ya tsaya cak, har ƙwallon tebur ta daskare a iska. Likita Frank Reeves ya ɗauki waɗannan a matsayin alamun rauni a ƙwaƙwalwa, ya ba da shawarar tiyata. Diane Broadbent Friedman ta nuna a bincikenta cewa alamun sun dace da wani nau'in farfaɗiya, wato masu fim ɗin ba da ka suka yi aikin ba. Shari'ar sama da tiyatar a lokaci guda suke gudana, kuma Abraham Sofaer ne ya fito a alƙali, ya kuma fito a likitan fiɗa. Har nan dai bayanin likitanci ke da rinjaye. Sai ga littafin wasan ces na Alekhine, wanda ɗan aiken ya ara, ya dawo cikin aljihun rigar Peter. Littafi guda ya hana a rufe maganar.

Zaman Kotu

A ra'ayin mai wannan nazari, nan ne fim ɗin ya yi rauni. Lauyan da ke adawa da Peter, Abraham Farlan, mutumin Boston da harsashin Ingila ya kashe a 1775, ya mayar da shari'ar musu kan wace ƙasa ta fi, labarin ya tsaya ana biyan bashin ma'aikatar da ta ba da aikin. Duk da haka akwai ƙarfin hali a tsarin masu taimaka wa alƙali na farko, waɗanda aka zaɓo daga al'ummun da ke da ƙorafi kan Ingila, har da Ba'indiye da ɗan Ayalan da ɗan Sin. Fim ɗin Birtaniya ne ya jera su a gaban sarkinta, saura wata tara Indiya ta sami 'yanci.