Yadda Samariya ta Cika, da Yadda ta Watse

Kwanakin nan kuka guda muke ji a Sabon Gari: taron ƙungiyarmu ya rage, tabarmi sun fi mutane yawa. Waɗansu sun kawo shawara a soke kuɗin wata, a rubuta sunan duk wanda anka binne cibiyarsa a garinmu, don littafi ya cika. Kafin mu yanke magana, ya kamata mu waiwayi tarihin ƙungiyar da ta fi kowace tara mutane a ƙasar Nijar, wato Samariya.

Samariya tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Dattawa sun san ta tun tana ta gari. Samari su ke zaɓen sarkinsu, su naɗa masa waziri da galadima kamar na fada. Babban aikinsu gayya: noman gonar tsoho ko ta marar lafiya, rufin ɗaki, yasar rijiya, hidimar buki. Ba su da yawa, amma kowa ya san kowa. Wanda ya ƙi fita gayya a ci shi tarar goro, in ya sake a bar masa bukinsa shi kaɗai. Da zamanin siyasa ya zo, Sawaba da RDA sunka raba samari biyu. Bayan an haramta Sawaba a 1959, jam'iyya guda ta rage, Samariya ta koma inuwarta.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji sunka kifar da mulkin Jori Hamani, Seini Kunce ya hau. Ya rushe jam'iyya, amma yana bukatar hanyar da za shi kai ga talakawa, sai ya tada Samariya. Anka yi mata hawa-hawa, daga unguwa da ƙauye zuwa kanto, har Yamai. Unguwannin Maraɗi kowace da tata, haka Tsibiri, haka Jiratawa. Daga 1979 anka soma shirya tsarin Société de Développement, wanda anka ɗora bisa ƙafa biyu, Samariya da kwaperatif. Kusan kowane baligi an lissafa shi a ciki.

Gaskiya ɗaya ce, Samariyar wancan lokaci ta yi aiki. Ta gina azuzuwan lakkwal, ta share kasuwa da maƙabarta, ta dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, ta yi wasan kwaikwayo da waƙa a bukin samari na ƙasa. Da yawa cikinmu inuwar dalbejiyar da ta dasa muke sha. Amma umurni daga sama ya riƙa saukowa. Sau da yawa sarkin samari dattijo ne mai furfura, na kusa da hukuma. Aiki ya haɗa da tsayuwa bakin hanya cikin rana don taryen manyan baƙi. Mutane sun fito da yawa, waɗansu don so, waɗansu don kada a ce ba a gan su ba.

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. A 1989 Ali Saibu ya kafa jam'iyyar MNSD, Samariya ta shiga ƙarƙashinta. Da anka yi babban taron ƙasa a 1991, jam'iyyu sunka yawaita, tsoron hukuma ya kau, sai taron nan mai cika fili ya watse, ba a samu masu tsayawa su riƙe shi ba. Samari sunka koma fada wajen shayi.

A shekarar nan ta 1991, nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta soma aikin Mata Masu Dubara, wanda anka gina bisa adashen da iyayenmu mata sunka saba. Mata wajen 30 ke haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da anka shirya cikin akwati, a ba mai bukata rance, ƙarshen zango a raba. Ba kuɗin gwamnati a ciki, ba mai tilasta kowa. Wadda ta yi fashi an san ta, an san ƙofar gidanta. Wannan ƴar dubara ta bazu cikin Nijar, har ƙasashen Afirka da yawa sunka ɗauke ta.

To, ga abin da munka gani. Samariya ta ɗore zamani mai tsawo tana ƙarama, lokacin da kowane suna yake da nauyi a kansa. Ta mutu cikin ƴan shekaru bayan ta haɗiye kowa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma sai in yawan ya ɗauki kwashe da galma ya shiga gona.

Shawararmu ga taro mai zuwa ita ce a bar kuɗin wata, ko da an rage shi don talaka ya iya. Wanda ya gaza biya a karɓi guminsa: zaman makoki, jinyar ɗan gari a asibiti, saukar baƙo. Wanda ya yi nisa a aika masa, ƙofa a buɗe take. Amma kada a rubuta sunan da ranar jana'iza za a kira shi ba a amsa ba. Allah ya ƙara zumunci, ya bar mu tare, amin.