3.2 Makomar Tsofaffin Maƙabartun Karkara: Misalin Durɓi Ta Kusheyi

A al'adar Bahaushe ba a cika yin rubutu a kan kabari ba. Idan an rufe mamaci, akan tara ƙasa a yi tudu, sannan a kafa dutse ko fasasshiyar tukunya ta wajen kai domin shaida. Wannan shaida kuwa ba ta faɗin sunan kowa. Sanin mai kabari yana bakin dattawa ne kawai, saboda haka da zarar sun kau, ko gari ya tashi ya zama kufai, sai damina ta baje tudun, dabbobi su tattake tukwanen, manomi kuma ya kwashe duwatsun ya yi iyakar gona da su.

Ko kusheyin sarakuna ba su tsira gaba ɗaya ba. Alal misali, a ƙauyen Durɓi Ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai manyan tuddai waɗanda tarihin baka ya ce kaburburan Durɓawa ne, wato zuriyar da ta mulki Katsina tun daga Kumayau har zuwa Sanau, kafin Muhammadu Korau ya karɓe sarauta. Girmansu ne ya hana garma cinye su. Amma duk da haka babu tudu ko ɗaya mai ɗauke da sunan wanda ke kwance a ciki.

A shekarar 1907, H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka na Ingila da ke Katsina, ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan. Abin takaici shi ne kayayyakin da aka ciro a lokacin sun salwanta. A 1959 aka sanya wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Sai a 1992 wasu masana daga Jamus, tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, suka sake haƙa tuddai uku, inda aka samu wuri da duwatsun ado da kayan tagulla da na zinariya, har da wani kwano da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. An kai kayan birnin Mainz domin gyara da nazari, binciken kuma ya nuna mafi tsufan kaburburan ya kai wajajen ƙarni na 14. Ke nan mutanen wurin suna da hulɗar ciniki da ƙetaren Sahara tun a wancan zamani, kuma ƙasar kabari ce ta adana wannan hujja har tsawon shekaru wajen 600.